Sandar Tafkin Gwaska

Ga ta nan tafe, ku gyara zama. Tunda kun cinye gyaɗar ba wanda ya tuna da ni, sai ku biya ni da kunne, kuma shari'ar ƙarshe a wuyanku take.

A Tungar Marke an yi wani Sarkin Ruwa, Nomau, mai gyararren gemu da hula a karkace, wanda ya yi imani kifin Tafkin Gwaska ya san tarinsa. A hannunsa sandar rufe ruwa take. In aka kafa ta a bakin tafki, ko ƙugiya ba mai jefawa sai an cire ta. Wata shekara damina ta yi rowa, ruwa ya janye, kifi ya ɓace. Masunta su fita da koma su dawo da laka. Mata suka sa sunan Nomau a waƙar daka, waƙar kuwa ba ta yabo ba ce. Abin ya ci masa rai, ya miƙe a dandali ya rantse cewa duk wanda ya dawo da kifi tukwanen gari, ya kuma zaunar da shi, sandar ta zama tasa. Ya faɗa ne don ya tabbata ba mai iyawa. In shi Nomau bai ga kifi ba, wane ne zai gani?

Ashe 'ya'yan ƙanwarsa uku sun kasa kunne.

Babbansu Arzika, mai gyaran waya a birni, ya dawo da wata na'ura kamar ƙoƙo. A ɗaura ta jikin kwalekwale, ta leƙa ƙarƙashin ruwa, ta nuna kifi a fuskar waya. Nomau ya dube ta sheƙeƙe.

"Wannan murfin kwanon ne zai fi ni ido?"

"Kawu, shigo mu je. In ta yi ƙarya ka jefa mu ruwa, ni da ita."

Ba ta yi ƙarya ba. Kifin nan ashe ya tattare a wasu ramuka masu zurfi da ba wanda ya san da su. Ranar gari ya ɗauki ƙamshin suya, tsofaffin da suka manta ɗanɗanon tarwaɗa suka lashe yatsu. Nomau ya ci har ya kwance ɗamara, yana gaya wa jama'a dama nan ɗin ya yi niyyar dubawa.

To, ita na'ura ba ta san ya isa ba. Masu hali suka sayo tasu, kowa ya bi rami yana kwasa. Tunau, na tsakiya, masunci marar yawan magana, shi ya lura kwanduna sun cika da kifi mai ciki fal da ƙwai, da 'yan ƙanana da ba su kai yatsa ba. Ya roƙi kawunsa ya rufe ruwa. Nomau, da mata suka soma sake masa waƙa mai daɗi, ya ce bayansa ke ciwo. Sai Tunau ya ɗauko sandar daga zaure, ya kafa ta da hannunsa, ya zauna gindinta cikin rana. Aka zage shi, aka kira shi maƙiyin miya, surukansa suka daina amsa gaisuwarsa. Bai motsa ba. Ba don shi ba, da kafin ruwan sama ya sauka an share tafkin tas. Sai dai Tunau kalma ɗaya ya sani, a'a. So yake a tara na'urorin a binne. Gari ya koma miyar kuka tsura, wa da ƙane suka daina cin abinci a kwano ɗaya.

Autarsu Delu, mai bandar kifi, wadda Nomau ke kira Inna don sunan mahaifiyarsa ta ci, ita ta bi gida gida. Ta tara masunta da matan banda, da Fulanin da ke shayar da shanu, da mutanen ƙetaren tafki da ba a taɓa tambayar ra'ayinsu ba. Ta dama fura ƙwarya ƙwarya, ta ce ba mai tashi sai an daidaita. Da hayaniya ta lafa ta juya wajen yayyenta.

"Yaya Arzika, abin nan naka da ke ganin kifi, yana ganin inda yake zuba ƙwai?"

"Sarai kuwa."

"To Yaya Tunau, me zai hana ya nuna mana inda ba za a taɓa ba?"

Aka sha gardama har furar ta ƙare, aka tsaya a kan magana. Na'ura za ta fara zagayawa gaban shaidu, inda kifi ke haihuwa a kafa itace, ba koma ba ƙugiya. Sauran ruwa na kowa ne, abin da ta gani a faɗa wa mai ita da marar ita. Duk damina kuma a sake zama, in dokar ta tsufa a gyara ta.

Shekara ta zagayo, aka buɗe ruwa da kalangu da guɗa. Aka fito da giwan ruwa da ƙarti suka ɗauka suna nishi. Nomau na tsakiyar rawa, babbar riga na tashi, sai jama'a suka tuna masa rantsuwarsa. Ƙafarsa ta tsaya cak. Wai shi za a yi wa haka, a gidansa, kuma 'ya'yan ƙanwarsa?

Ya yi ta juya abin. Ba don Arzika ba, da yunwa ta watsa gari. Ba don Tunau ba, da ba sauran kifin da za a yi wa doka. Ba don Delu ba, da ko na'ura a rami ko tafki ba kifi. Sanda kuma ba a karya ta uku. Ya shafa gemu, fuskarsa ta washe.

"Tunda abin ya rikice, bari in riƙe muku ita amana."

"Kawu, bayan naka fa?" in ji Delu.

Dandali ya fashe da dariya, Nomau ya ajiye sandar a tabarma yana ƙunƙuni.

Tana nan a ajiye. To ku masu cin gyaɗa, tsakanin wanda ya kawo, da wanda ya tsayar, da wadda ta tara jama'a suka shata iyaka, wa ya cancanci ya ɗauke ta?