Wa Zai Shiga Zauren Malam Hadi?

Akwai wani saurayi mai suna Ilu, yaron shagon Alhaji Abdulmuminu mai atamfa a Kantin Kwari. Maraya ne, ba shi da kowa sai mahaifiyarsa Inna Ummakulsum, can a ƙauye. A gidan Alhaji yake ci, a nan yake kwana, in zazzaɓi ya kama shi Hajiya matar Alhaji ce ke dama masa kunu.

Sai shekarar Udoji ta zo, albashi ya tashi, kuɗi suka cika gari. Wani kamfanin gine-gine ya buɗe ofis a Sabon Gari, Ilu ya ji abin da suke biya, ya tattara nasa ya nasa ya koma can. Ko sallama bai yi wa Alhaji ba.

Celestine, direban Alhaji, ya tare shi a hanya ya ce, "Haba Ilu, je ka yi wa Baba sallama mana."

Ilu ya ce, "Sallamar me? Kai dai zauna, ka tsufa kana jiran tuwon gidan wani."

Celestine ya ce, "Lokacin yaƙin basasa na gudu garinmu. Da na dawo, keken ɗinkin matata Felicia na tarar a ɗakin Hajiya, an lulluɓe shi da zane. Nuna min kamfanin da zai yi min haka."

Ilu ya yi tsaki ya wuce. Kafin a jima ya sayi babur Besfa da wando mai faɗin ƙafa. Har tafiyarsa ta canza, kai ka ce shi ya haƙo man fetur ɗin.

Ana nan sai ya haɗu da Asama'u, 'yar Malam Hadi na Fagge, suka daidaita kansu. Malam ya ce ya turo manyansa. To, a nan fa Ilu ya tafka wauta: ya tura fomansu, wato shugabansu a wurin aiki, da wasu abokan aikinsa, sun sha kwat, sun riƙo katan ɗin lemo.

Malam Hadi ya dube su ya ce, "Ku su wa ne a wurinsa?"

Suka ce, "Tare muke aiki tun bara."

Malam ya ce, "Madalla. Ranar da 'yata ta zo min da kuka, ƙofar wa zan buga? Kamfaninku in ya gama kwangila naɗe kayansa zai yi. Ku gaya masa, in Juma'a ta wuce ban ga wanda zai tsaya masa ba, akwai mai nema."

Ilu ya duba gabas ya duba yamma, duk Kano mutum ɗaya ne zai iya shiga zauren nan da sunansa. Ya nufi Kantin Kwari. Ya tarar da Alhaji yana auna yadi, ya durƙusa.

Alhaji bai ɗago ba ya ce, "Sai yau ka zo sallamar?"

Ilu ya faɗi abin da ya kawo shi. Alhaji ya ajiye almakashi ya ce, "Celestine, tayar da mota."

A zauren Malam Hadi, Alhaji bai yi doguwar magana ba. Cewa ya yi, "Ɗana ne, a hannuna ya girma. In ya ɓata muku, ni za ku nema." Nan take aka sa rana.

Ranar ɗaurin aure Inna Ummakulsum ta iso daga ƙauye cikin sabuwar atamfa. Ta kama hannun Ilu ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Kowace Sallah turmin atamfa da shinkafar da kake aiko min ba su taɓa yankewa ba."

Ilu kuwa ya san ba shi ba ne. Tun da ya bar Kwari ko ƙyalle bai aika mata ba, ya ma manta Alhaji ne ke aikawa da sunansa tun da can. Ya waiga ya hangi Alhaji yana raba goro, ko kallonsa bai yi ba. A gaban mutane Ilu ya fashe da kuka, kukan kunya.

Darasi: Albashi yana ƙarewa kafin wata ya ƙare, amma maigidan kirki yana tsaya maka, ya tsaya wa iyalinka, har bayan ka juya masa baya. Ba laifi ba ne ka nemi gaba, amma ka fita da sallama. Ku tura wa duk wanda ke da mai aiki ko maigida, ya karanta.