Inji Mai Taya da Ciyawar Bayan Gona

Ku matso gaba, 'yan'uwa, har da ku na bencin baya masu leƙen taga. Misali zan ba ku yau, kuma ban yarda kowa ya juya ya kalli maƙwabcinsa ba. Da kai nake, da ke nake.

Akwai wani mutum da ya gaji babban fili daga mahaifinsa. Gaban filin shimfiɗaɗɗe ne, a bakin hanyar da ake bi zuwa kasuwa da majami'a, kuma nan gidan yake. Bayan filin kuwa gangare ne mai duwatsu da suri da kututture, ya miƙa har rafi. A gangaren nan mahaifin ya dasa mangwaro mai aure, bishiya arba'in, ya yi ta ɗebo musu ruwa daga rafi a kansa har suka kama ƙasa. Da su gidan yake ci. Ta farkon da ya dasa tana ƙuryar gabas, a inuwarta tsohon yakan shimfiɗa buhu ya huta.

Tsohon nan yana da wata al'ada da bai taɓa tsallakewa ba. Da zarar ruwan sama ya fara ja da baya, tun ciyawa tana da ɗanyenta, sai ya kira gayya. A zo da lauje da adda, a yanke ciyawa faɗin taku goma kewaye da bishiyoyin, a kwashe ta tas har ƙasa ta fito. Shi yakan ce ya ɗaura wa gona ɗamara. Dalilin kuwa kowa a ƙauyen ya sani. In ciyawa ta bushe, masu farautar gafiya sukan cinna wa daji wuta, ita kuma wuta ba ta tambayar gonar wa ce. Amma in ta iso wurin da aka share, ba ta samun abin ci, sai ta mutu a nan.

Tsoho ya rasu. Samari suka watse birni, aikin gayya ya zama labari. Sai ɗan ya ce a ransa, hannu biyu ba za su iya da filin nan ba, gara ya nemi injin yankan ciyawa. Wannan shawara ce mai kyau, ban ga laifinsa a nan ba.

Ya tafi garin kasuwa wurin Baba Kefas, wani tsohon makanike mai sayar da injina, abokin mahaifinsa tun suna samari. Baba Kefas ya fito masa da iri biyu. Ɗaya ja ne wur, mai taya huɗu, ana tura shi kamar baro, yana aske ciyawa daidai wa daida. Ɗayan kuwa ba shi da kyan gani ko kaɗan. Doguwar sanda ce ta ƙarfe, inji a gindi, wuƙa mai juyawa a baki. A kafaɗa ake rataya shi, mutum ya yi ta lilo da shi dama da hagu har bayansa ya yi tsami.

Idon mutumin ya manne a kan jan.

"Ɗana," in ji Baba Kefas, "kafin ka zaɓa, yaushe rabonka da taka gonar nan har rafi?"

"Ai na san gonata, Baba."

"Ni ma na san ta. Shekara nawa na yi ina zuwa gayyar ubanka? Mai tayan nan na wuri ne mai sumul. Gamba ta fi ƙarfinsa, dutse ɗaya kuma ya ishi wuƙarsa. Na kafaɗar nan shi ne na gangarenku."

"Haba Baba! In rataya wannan abu in yi ta zufa, mutane suna wucewa suna kallona?"

"A bayan gona wa zai gan ka?"

Mutumin ya ƙirga kuɗi ya biya. Ya ɗora jan a bayan babur ya yi gida.

To fa, sai ku zo ku ga ƙofar gida! Kowace Asabar da safe yakan ja igiyar inji, ya bi layi layi, ya mai da gaban filin kamar darduma. Masu zuwa kasuwa sukan tsaya su ce, "Sannu da aiki! Kai, ko a birni sai haka." Shi kuma in ya hango mutane tafe, sai ya rage sauri, ya gyara hula, don su same shi yana kan aiki. Ciyawar da ba ta kai ɗan yatsa ba, ita yake bi yana askewa mako bayan mako. Kada ku yi dariya da yawa, za mu dawo kan wannan.

Matarsa Tabita ita ce mai sauka rafi wanki. Wata rana ta dawo da ƙaiƙayi a jiki, ta ajiye kwano ta ce, "Maigida, gambar baya ta wuce kaina. Sai da na yi ta laluben hanya kafin in ga ruwa. Lokacin ɗamara yana wucewa fa."

Don kada a ce bai yi komai ba, ya tura jan injin ya zagaya baya. Bai yi taku biyar ba, gamba ta nannaɗe wuƙar, injin ya yi tari ya mutu. Ya tsugunna ya zare ciyawar, ya sake jan igiya. Ya ɗan matsa gaba, sai ƙwal! Wuƙa ta daki dutse ta lanƙwashe. Ya jawo abinsa gida yana tsaki, ya miƙe wuƙar da guduma, ya ce wa matarsa, "Ɗanya ce, shi ya sa take shaƙe shi. Bari ta bushe, za ta fi sauƙin yanka."

Kun ji fa! Ɗan manomi, jikan manomi! Ciyawar da ake gaggawar yankewa don kada ta bushe a tsaye, ita zai zauna ya jira ta bushe. Duk lokacin da na zo wurin nan a labarin, raina ɓaci yake yi. Ya san gaskiya sarai. Injin da ya zaɓa ne ba ya zuwa can, shi kuma ba ya so ya ce ya yi kuskure.

Ruwa ya ɗauke. Daji ya yi ja. Wata Lahadi suna dawowa daga sujada, ya tsaya a ƙofar gida da wasu dattawa suna yaba masa fili, sai wani baƙin abu ya sauko a hankali ya zauna a kan farar rigarsa. Ya sa yatsa ya taɓa, abin ya murmushe. Ƙonanniyar ciyawa ce iska ta kawo. Tabita ta nuna masa da haɓa. Can bayan tudun da ke ƙetaren rafi, hayaƙi yana tashi.

Da rigar sujadarsa ya sauka gangaren, karo na farko a wannan shekarar. Ciyawa tana ƙaras ƙaras a ƙarƙashin ƙafarsa, ta yi tsayi har ta shiga cikin rassan mangwaro. Ya nemi bishiyar ubansa ta ƙuryar gabas, sai da ya buɗa gamba da hannu biyu kafin ya ga gindinta. Nan tsoro ya kama shi. Ya gane ashana ɗaya ta isa ta share aikin ubansa duka.

Washegari da sassafe ya ɗaure jan injin a babur ya koma garin kasuwa.

"Baba, na yi wauta."

"Na sani," in ji Baba Kefas. Bai ƙara masa da gori ba. "Ajiye wannan a nan, ɗauki wancan. Ka fara daga bakin rafi, ta nan wuta za ta ɓullo. Abin da ka yanka kuma kada ka bar shi kwance, a kwashe shi nesa, in ba haka ba shimfiɗa ka yi mata."

Ya rataya injin a kafaɗa ya shiga. Wurin da mai taya ya gagara, wannan ya bi: tsakanin duwatsu, gindin suri, kewayen kututture. Yana yanka, Tabita tana binsa da manjagara tana kwashewa. Kafaɗarsa ta saɓule, hannuwansa suka yi kanta, ƙaiƙayi ya cika masa wuya. Kwana uku suna wannan, babu mai ce masa sannu da aiki sai matarsa. Suka gama gefen rafi, suka gama yamma, suka gama arewa. Saura ƙuryar gabas, aikin yini ɗaya.

Ran Alhamis da tsakar rana iska ta tashi, wuta ta tsallako rafi. Ta hauro gangaren da ruri, ta iso bakin ɗamara, ta tsaya. Suna kallo da idonsu ta lashi ƙasa ba ta sami komai ba, ta yi ƙasa, ta mutu. Amma wani harshenta ya bi gefe gefe yana nema har ya sami ƙuryar gabas a buɗe. Suka ruga da ɗanyen ganye suna duka, maƙwabta suka zo da bokitai. Kafin a ci ƙarfinta, bishiya shida sun ƙone ƙurmus, har da ta farkon da tsoho ya dasa.

Mutumin ya zauna cikin toka a gaban baƙin gindin nan, ya yi kuka kamar ba magidanci ba. Ya ce, "Tabita, Asabar ɗaya tak daga cikin waɗanda na ɓata a ƙofar gida, da ta isa."

"Gaskiya ne, Maigida," in ji ta. "Amma tashi ka duba. Talatin da huɗu suna nan da ganyensu."

Tun daga shekarar nan, kafin ruwan ƙarshe ya sauka ya gama ɗaura ɗamara, kuma daga gabas yake farawa. Ƙonannen gindin kuwa bai sare shi ba, yana nan a tsaye.

To, ma'anar wannan misali ga ta, ba zan rufe muku komai ba.

Filin nan ranka ne. Ƙofar gida ita ce abin da muke gani a jikinka ran Lahadi: wankakkiyar riga, muryarka a cikin mawaƙa, ankon zumuntar mata, doguwar addu'ar da kake yi in an kira sunanka. Ban ce waɗannan ba su da kyau ba. A share ƙofar gida mana! Amma ba can mangwaron yake ba. Abin da Ubangiji ya dasa a cikinka, abin da iyalinka suke ci daga gare shi, yana can baya inda ba mai wucewa. Can ne kuma gamba take: ɗan'uwan da ka shekara uku ba ka gaishe shi ba saboda iyakar gona, kalmar da kike jefa wa mijinki in baƙi sun tafi, abin da kake yi in ka tabbata ba wanda ya san ka a garin.

Muna da wayo, 'yan'uwa. Mukan zaɓi irin ibadar da ke tafiya a kan taya, wadda ba ta bin wuri sai mai sumul, wadda ake ce mana sannu a kanta. In ta daki dutse sau ɗaya, sai mu jawo ta gida mu ce lokaci bai yi ba. Bari zuciya ta huce tukuna. Bari a gama girbi. Bari yara su girma. Wannan shi ne jiran ciyawa ta bushe. Tuba kuwa a kafaɗa ake rataya ta, tana da nauyi, ba ta da kyan gani. Ita ce ka tafi da ƙafarka ka ce, na yi wauta, ka gafarta mini. Ita kaɗai ce take shiga tsakanin duwatsu.

Kada ku ɗauka daga sama nake magana. Nawa gangaren fushi ne, matata tana zaune a nan, in na yi ƙarya ta ɗaga hannu. Na daɗe ina koya muku haƙuri a wannan ɗakin, a gida kuma ƙofa tana shan wahala a hannuna. Allah ya sa ina da tawa Tabitar da nawa Baba Kefas ɗin, masu faɗa mini abin da ba na son ji. Kai ma kana da su. Ka san su, su ne waɗanda kake kauce wa bayan sujada.

Wuta za ta zo, wannan babu shakka. Ciwo ne, ko rashi, ko jaraba, kuma sau da yawa ba kai ka kunna ta ba. Ina gaya muku da gaba gaɗi, inda aka share ba ta wucewa, kuma wanda ya komo wurin Ubangiji ko da hayaƙi ya riga ya tashi, ba ya mai da shi hannu wofi, ba ya kuma yi masa gori. Talatin da huɗu ba abin wasa ba ne. Amma ku tuna wace bishiya ce take ƙuryar da aka bari sai gobe. Wadda ya fi ƙauna ce.

Saboda haka in an tashi yau, kada ka tsaya a bakin hanya ana yaba maka. Da rigar da ke jikinka, sauka har rafi. Ka san ƙuryar da nake nufi, kuma ciyawarta har yanzu ɗanya ce.