Murfin Sarƙar Jatau

An yi wani mutum a wani gari, tun injin markaɗe bai yawaita ba, wani bawan Allah mai walda, ana ce masa Jatau. Ku saurara, mata, ku bar ƙus-ƙus ɗin nan.

Jatau ba ya raina tsohon ƙarfe. Sarƙar babur da makanikai suka yar, da farantin nan mai haƙora da take hawa, su yake tsincewa. Ya wanke da kananzir, ya ɗaura wa inji, sai ga abin markaɗe yana juyawa. Matan gari suka huta da dutsen niƙa. Kuma duk injin da ya haɗa, sai ya lanƙwasa kwano ya rufe sarƙar ruf. Yakan ce, "Sarƙa ba ta san mutum ba. Abin da ta kama nata ne."

Wani mai hali, Alhaji Maiwada, ya sa aka haɗa masa ɗaya a ƙofar gida. Murfin ya dame shi wajen zuba baƙin mai, ya kwance shi, ya mai da shi mazubin ruwan kaji.

Ran nan wata mata, Lantana, ta kawo markaɗen wake. Ta sunkuya kwasar ƙullu, sarƙa ta cafke mayafinta, ta naɗe mata wuya. Kafin a kashe inji rai ya yi halinsa. Ta bar jariri.

Gari ya taru. Alhaji ya riga kowa ɗaga murya: "Tarkacen bola ya haɗa mana, ga abin da ya jawo!"

Jatau ya ce, "Alhaji, na sa murfi."

"Wane murfi? Kai ka ga murfi a nan?"

Ga kaji can suna shan ruwa a cikinsa. Kowa ya gani, wallahi kowa ya gani! Amma rabin unguwa rijiyar Alhaji suke sha, sai kowa ya sunkuyar da kai.

Aka rushe rumfar Jatau. Yara suna bin sa suna "mai sarƙar mutuwa". Bai zagi kowa ba, bai rama ba. Ya saɓi gudumarsa yana bin ƙauyuka, duk sarƙar da ya gani a buɗe ya buga mata murfi, don Allah kawai. A haka ya rasu. Masu sallarsa ko sahu ba su cika ba.

Kar ku ce mini "Allah sarki, mai haƙuri." Haƙurinsa yana wurin Ubangiji, ya ishe shi. Shirun mutanen nake magana. Wanda ya ga gaskiya ya haɗiye, da hannunsa aka yi zaluncin.

Na ce wani gari ne, amma kun san garin. Jikokin Jatau suna nan, har yau kuna hana 'ya'yanku cin abinci da su. Ku da iyayenku suka faɗa muku gaskiyar a ɗaki, ku fito ku faɗa a fili. Ku wanke sunan bawan Allahn nan tun kuna numfashi, don tambayar kabari ba a yi mata shiru.