Layi na Uku a Kwamfutar Baba

A wani ƙaramin ofis mai tebur huɗu da fanka ɗaya akwai wani mai haɗa manhajar kwamfuta da abokan aikinsa ke kira Sai-Gobe. Gwani ne, wannan ba musu, amma son jiki ya yi masa katutu.

Ya haɗa manhajar adana muryoyi wadda ke aiki a kwamfuta iri uku, kowacce da tsarinta. Kowane iri yana da jerin umarninsa a saman allo: buɗe, ajiye, goge da sauransu. In ya sauya wani abu, jerin irin kwamfutarsa kawai yake gyarawa, ya bar sauran biyun yadda suke.

Wata abokiyar aikinsa ta sha yi masa magana. "Malam, rubuta jerin nan a wuri ɗaya mana, duka ukun su riƙa ɗauka daga can. Aikin yini guda ne fa."

"Ke dai kin cika gaggawa," in ji shi. "Wa ya taɓa mutuwa don jeri ya bambanta?"

Mahaifinsa tsohon tela ne a wani gari mai nisa, idanunsa sun yi rauni. Sai-Gobe ya ba shi wata tsohuwar kwamfuta wadda ba irin tasa ba, ya sa masa manhajar nan, ya zuba masa hirarrakin da ya ɗauka da mahaifiyarsa kafin ta rasu. Babu kwafinsu ko'ina, kullum Sai-Gobe yana cewa zai yi. Kowace safiya tsohon kan zauna gefen keken ɗinkinsa ya kunna, ya ji tana yi masa faɗa don ya bar almakashi a kan gado, ya yi murmushi shi kaɗai.

Wata safiya ya kira ɗansa a waya. "Muryar innarka ta yi ƙasa, ba na ji sosai."

Sai-Gobe ya duba nasa allon. "Baba, buɗe jerin sama, ka danna layi na uku."

A tasa kwamfutar, layi na uku shi ne "Ƙara murya". A ta Baba kuwa "Goge duka" ne, kuma ko tambayar tabbatarwa bai sa a wancan tsarin ba.

"Na danna," in ji tsohon. "Allon ya yi fari fat. Ina take?"

Sai-Gobe ya hau mota a ranar. Kwana uku yana fama da kwamfutar, ko tari ɗaya nata bai dawo ba. Kewar innarsa ta kama shi fiye da ranar da aka binne ta. Tsohon bai yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Da zai koma, Baba ya riƙe masa hannu a bakin ƙofa. "Kai da ƙuruciya, ka fi ni riƙe abu. Yaya ma take kiran sunana? Na fara mantawa."

Mai karatu, aikin da ya kasu gida uku yana bukatar tushe ɗaya. Kada ka gyara inda idonka yake gani kawai, ka bar inda wasu suka dogara da kai. Aikin yini guda da ka ɗage yana iya cinye abin da duk ƙwarewarka ba za ta maido ba.