Amsar da Odalys Ta Haɗiye

Akwai wata yarinya a garinmu Gibara, sunanta Odalys. Murya kam Allah ya ba ta. In tana shanya a saman bene tana rera waƙa, masunta a bakin teku sai su bar gyaran raga su ɗaga kai. Sai dai goggonta Migdalia ce ta raine ta, matar da ko gaishe ta ka yi sai ta tsaya nazarin abin da kake nema a wurinta.

Da labari ya zo cewa gidan wasa na birnin Holguín zai gwada mawaƙa don sabuwar zarzuwela, wato wasan kwaikwayo mai haɗe da waƙa, Odalys ta kasa cin abinci saboda murna da fargaba. Mutum ɗaya ake nema, wadda za ta fito a 'yar tallar mangwaro mai bakin tsiya, rabin aikinta waƙa, rabi tsokanar masu saye. Tun tana ƙarama take mafarkin hawa wannan dandamali.

Goggo ta raka ta tasha tana yi mata huɗuba. Kada ta sha ruwan kowa, kada ta ba kowa riƙon jakarta, kuma duk wadda ta yi mata murmushi ta san da walakin.

A zauren jira ta tarar da 'yan mata cike, kowa na gwada maƙogwaro. Odalys ta raɓe a lungu, ta ɗan ja waƙarta ƙasa-ƙasa. Sai wata mai suna Yusimí ta matso. Ta girme ta, kuma ta daɗe a gidan cikin 'yan amshi. Ta yaba muryarta, ta miƙa mata kofi. Odalys ta ce ta ƙoshi.

Yusimí ta shanye abinta, ta rage murya ta ce, "Ƙanwata, bari in gaya miki. Maestro Evelio, shugaban gidan nan, ba ya barin wadda ta burge shi ta gama waƙa. Zai katse ki, ya gasa miki magana kamar shi mai saye ne. Kada ki ba shi haƙuri. Rama, ki yi masa tatas. Bakin 'yar talla yake so ya ji."

Odalys ta kalle ta sama da ƙasa. "Ke ba wannan matsayin kike nema ba?"

"Shi nake nema mana."

"To don me kike gaya min?"

"Don ranar da na zo ba wanda ya gaya min," in ji Yusimí.

Odalys ta ce a ranta, ruwa ba ya tsami banza. Wato so ake ta tsaya gaban dattijo mai furfura, shugaban gidan gaba ɗaya, ta yi masa rashin kunya, a kore ta, hanya ta buɗe wa wata. Har wani daɗi ta ji don ta gano tarkon da wuri.

Aka kira sunanta. Ta hau dandamali a tsorace, amma da mai fiyano ya fara, tsoron ya gudu. Muryarta ta cika ɗakin har kujerun baya. Maestro Evelio, da ke zaune yana fifita, ya ajiye maficinsa.

Tana tsakiyar waƙa ya buga sandarsa a ƙasa. "Ke mai mangwaro, duk wannan ihun don a sayi ruɓaɓɓen kayanki ne? Ko tsutsa ai ta ƙi shi."

Nan take amsa ta zo mata har kan harshe: Baba, kai da ba haƙori, ai ruɓaɓɓen ne daidai da kai. Ta buɗe baki ke nan sai ta hango Yusimí a bayan labule tana gyaɗa mata kai, tana yi mata alama da hannu. Wannan zumuɗin ya ƙara tabbatar mata da zarginta. Ta haɗiye maganar, ta sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri, Maestro. In sake daga farko?"

Dattijon ya jira. Ya ƙara jira. Sannan ya ɗauki maficinsa ya ce ya isa, ya gode.

Da Yusimí ta hau, gaskiya muryarta ba ta kama ƙafar ta Odalys ba. Amma da ya jefa mata maganar tsutsa, sai ta riƙe ƙugu ta ce ai tsutsar ganin sa ta yi a layi, ta bar wa babba. Mai fiyano ya kife kan fiyanonsa yana dariya. Odalys tana tsaye a gefe, jikinta ya yi sanyi.

Yusimí aka ɗauka. Maestro ya faɗa wa Odalys bai ji murya irin tata ba a ranar, amma ba coci yake ɗaukar mawaƙa ba. Ya ba ta wuri cikin 'yan amshi.

A bakin ƙofa Yusimí ta tare ta, ta tambaye ta me ya hana ta. Odalys ta fashe da kuka, ta faɗa mata komai, har da amsar da ta haɗiye. Yusimí ta yi dariya har da hawaye, ta roƙi aron amsar. Odalys ta ce ta ɗauka, ita me za ta yi da ita yanzu.

Ranar buɗe wasa, Odalys na layin baya riƙe da kwando. Tana ji Yusimí ta saki maganar haƙori, ɗakin ya kaure da dariya da tafi. A sahun gaba ta hango Goggo Migdalia tana dariya har tana dukan cinya. Abin ya yi wa Odalys ciwo ƙwarai.

Bayan an tashi Goggo ta ja ta gefe ta ce, "Waccan mai mangwaron akwai baki. Ki yi hankali da ita, irinsu ba sa nufin kowa da alheri."

Darasi: Taka-tsantsan yana da kyau, amma in ya zama zargin kowa, kai ne za ka rufe wa kanka ƙofar da wani ya buɗe maka. Ba duk abokin takara ne maƙiyi ba. Ku tura wa wanda kuka san yana ganin tarko a cikin kowane alheri.