Jajayen 'Ya'yan Bayan Shago

Akwai wani kafinta da abokan sana'a suka laƙaba wa suna Sarkin Musu. Mutum ne mai hannu, in ya haɗa maka ƙofa sai dai ka gaji da ganinta ka canza. Aibinsa ɗaya ne: gara ya kwana da yunwa da a ce yau an kayar da shi a gardama.

'Yarsa guda ce a duniya. Auta suke kiranta, ko da yake ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe. Da aka yi hutun makaranta sai ta riƙa binsa shago, ta zauna ƙarƙashin teburin aiki tana gina gidaje da guntayen katako. A wurinta, duk abin da Baba ya faɗa ya zauna.

A bayan shagon akwai shingen waya. Da damina ta kankama, wata ciyawa mai yaɗo ta nannaɗe wayar, ta zubo 'ya'ya gungu-gungu, jajaye jawur, suna sheƙi.

Wata rana mai walda, maƙwabcinsa, ya leƙo ya ce, "Maigida, ka sa adda ka sare abin nan. Yarinya na yawo a wurin."

Kafinta ya ce, "Me zai yi mata? Ba ka ga tsuntsaye na ci ba?"

"Cikin tsuntsu daban, na mutum daban. Ni dai ban san shi ba, abin da ban sani ba kuwa ba na kai shi baki."

"Kai dama ban da ƙarfe me ka sani? Da irinsu muka girma!"

Ƙarya yake yi, bai taɓa ganinsu ba sai bana. Amma akwai masu jiran kaya zaune a kan benci, duk sun zuba ido, Sarkin Musu kuwa ba ya ja da baya a gaban jama'a. Ya tsinko guda uku ya watsa a baki.

Wani ɗaci ya gauraye masa baki, harshensa ya ɗau zafi kamar ya lashi garwashi. Ya daure, ya saki fuska, ya ce, "Zaƙi kamar zuma!"

Sai ya duƙa kamar zai ɗauki guduma, ya tofar a cikin garin katako, ya take da ƙafa. Ba wanda ya lura. Aka yi ta yi wa mai walda dariya, Auta har da tafi.

Kafinta, ransa ya ba shi ya sare ciyawar a ranar. To amma sarewa a kan idon mai walda ai amsa kaye ne. Ya ce a ransa bari sai ranar da maƙwabcin ba ya nan. Jan kunnen yarinyar ma bai yi ba, don kada ta je ta faɗa.

Bayan kwana biyu yana yankan katako, ƙarar inji ta cika shago. Da ya kashe injin sai ya ji shiru ya yi yawa. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ba Auta.

A gindin waya ya same ta, kwance ta dafe ciki, ta yi amai har ta galabaita. Ga wani tsohon gwangwanin fenti a gefenta, da sauran jajayen 'ya'yan a ciki.

Ihunsa ne ya fito da mai walda. Bawan Allah ya karyo reshen ciyawar ya cusa a aljihu don a nuna wa likita, ya tayar da babur. Kafinta ya rungume 'yarsa a baya, yana kiran sunanta har asibiti.

Likita ta duba reshen, ta duba yarinyar, ta ce, "Ta ci da yawa. Za mu yi iya ƙoƙarinmu, sauran sai addu'a."

Uwar ta iso a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Suka tsaya a bakin gado, an ɗaura wa Auta ruwa. Can sai ta buɗe ido, ta nemi fuskar ubanta.

"Baba, kar ka yi fushi," in ji ta, da ƙyar ake jin muryar. "Ban iya zaɓa ba. Duk wanda na ci ɗaci ne. Na yi ta ci ko zan samu mai zaƙi irin naka."

Ba ta sake magana ba. Kafin rana ta faɗi, rai ya yi halinsa.

Da aka ja mata mayafi, uwar ta juyo, idanu sun kaɗa, ta ce, "Baban Auta, wane mai zaƙi take nufi?"

Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba sai ya sulale ƙasa a jikin bango.

Darasi: Ba duk ja ba ne abin ci, kuma ganin tsuntsu na ci ba shaida ba ce. Tsiron da ba ka sani ba, kada ka ɗanɗana, ka kawar da shi daga inda yara ke wasa. Sannan ku iyaye, yaro ba ya ganin abin da kuka tofar a ɓoye, abin da kuka kai baki yake gani. Faɗin "ban sani ba" bai taɓa kashe kowa ba. Ku tura wa duk mai ƙaramin yaro a gida, damina ce.