Itacen Tukunya Ɗaya

A zamanin da, tun ana cin kasuwa da wuri, an yi wani Sarki, Jatau, wanda ya sa aka yi shelar ayyuka uku kafin damina: a haƙa rijiya a unguwar majema, a tayar da ganuwar da ta zube, a kuma yi gada a kan kogin da ya raba gari da maƙabarta.

Gadar nan ita ce a ran Waziri Makau. Matarsa Hansai ta daɗe a kwance, 'ya'yan da suka haifa kuwa duk sun riga su, suna can ƙetaren kogi. Abu ɗaya ta roƙe shi, in ta cika a kai ta kusa da su. Ya ce mata ya ɗauki alkawari.

Sai kaya suka yi tsada. Azara ta hau, hatsin ciyar da magina ya hau, har jakin ɗibar ƙasa ya zama sai wane da wane. Ma'aji ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, abin da ke baitulmali aiki ɗaya zai iya."

Sarki ya tara majalisa ya ce su zaɓa. To, nan fa halin manya ya motsa, wato kara. Galadima, mai kula da ganuwa, ya ce a yi rijiya, aikin da ke hannun Magajin Gari. Magajin Gari ya ce ina shi ina shiga gaban Waziri, a yi gada. Waziri kuwa, maimakon ya ce to a wuce wurin, sai ya ji kunyar a ce don matarsa ya yi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ganuwa ta fi."

Sarki, don kada ran kowa ya ɓaci, ya ce a raba dukiyar uku. Kowa ya ce madalla da wannan adalci. Ni dai duk sa'ad da na zo kan madallar nan haushi nake ji.

Rijiya ta tsaya ba a cim ma ruwa ba. Ganuwa ta kai ƙugu, ruwan farko ya narkar da ita. Gada ta je tsakiyar kogi ta tsaya.

Ana cikin marka Hansai ta rasu. Aka sallace ta, aka ɗauki makara zuwa bakin kogi, aka tarar ya cika ya batse. Sarkin Ruwa ya ce ko shi ba ya sa jirgi a wannan ruwa. Aka yi ta jira har rana ta yi sanyi, liman ya matso ya ce, "Waziri, a yi haƙuri, bai kamata a ƙara jinkirta ta ba." Aka binne ta a gindin wata tsamiya, a wannan ɓangaren. Waziri bai yi kuka ba. Masu gaisuwa suna zuwa yana amsawa, bai san wa ya zo wa ya tafi ba.

Bayan sadakar bakwai ya gayyaci Sarki da majalisa cin abinci. Aka kawo akushi uku: wake bai nuna ba, nama da jininsa, tuwo kuwa ɗanyen gari. Galadima ya kai loma ya rasa inda zai tofar.

Sarki ya ce, "Waziri, lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Itacen tukunya ɗaya gare ni. Na ga kada wata tukunya ta ji ba daɗi, sai na raba musu."

Ya faɗa ne ba fushi ba murmushi, kamar mai ba da labarin gidan wani. Sarki ya daɗe yana kallon akusan, sannan ya ce laifin nasa ne, shi ya raba. Nan take ya yanke cewa a kwashe magina da abin da ya rage a kai gada, rijiya sai baɗi, ganuwa ta jira. Kuma daga ranar, wanda duk aka tambaya a majalisa ya faɗi abin da ke ransa, kara a baro ta a zauren gida.

Da kaka gada ta haɗe, aka kuma yi rijiyar a kan lokacinta. Ranar buɗe gadar gari ya fito, Sarki ya ce Waziri ya fara takawa, don girmamawa.

Waziri ya dubi ƙetare, ya waiwayo ya dubi tsamiya. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a bar masu bukata su wuce. Ni wadda zan ƙetarar, na riga na ajiye ta a nan."

Jama'a suka yi ta wucewa, shi kuwa ya koma gindin tsamiyar ya zauna.